Gyaɗa da Gandu: Tarihin Wani Gida a Ƙasar Bici

Duk lokacin da aka ta da zancen gyaɗa a ƙasar Kano, abin da kan fara faɗo wa mutum a rai shi ne dala, watau tarin buhunan nan da akan jera kusa da hanyar jirgin ƙasa har su yi tsini kamar dutse. Da yawa daga cikinmu ɗalibai ba mu taɓa ganin dalar gyaɗa da idonmu ba sai a hoto, amma duk da haka mun haddace labarinta: jirgi ya zo, Turawa suka sayi gyaɗa, attajirai suka yi arziki, man fetur ya fito, dala ta rushe. Da an kai nan sai a rufe littafi, kamar dai ranar da aka ɗauke buhu na ƙarshe ita ce ranar da gyaɗa ta bar ƙasar Hausa.

Ni kuwa a gidan da na tashi, cikin wani ƙauye na ƙasar Bici, har yanzu ana noma gyaɗa a gandu, ana soya ta, ana matse mai, ana toya ƙuli-ƙuli. Nufina a wannan 'yar maƙala shi ne in bi tarihin gyaɗa ta ƙofar da ba a saba bi ba, watau ta cikin gida. Abin da nake so in nuna shi ne, sana'ar man gyaɗa ta girmi dala, ta kuma ga bayanta, kuma abin da ya riƙe ta duk tsawon wannan lokaci shi ne gandu da aikin mata. Mai karatu ya yi mini uzuri in na yi ta ambaton gidanmu, domin shi na fi sani.

Bici tana arewa maso yamma da birnin Kano, a kan hanyar Katsina. Tsohuwar gunduma ce, kuma Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya riƙe ta yana Ciroma kafin ya hau gadon sarauta a 1926. Wanda ya bi wannan hanya da damina zai lura da abu guda: ba ya ganin daji. Gona tana manne da gona, gida yana hangen gida. Irin wannan ƙasa da ke kewaye da birni ce Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya yi shekaru yana nazarinta tun daga 1960 da 'yan kai, yana neman sanin yadda ƙasa take ɗaukar jama'a masu yawa haka, ana noma ta kowace shekara ba hutu, amma ba ta mutu ba.

Amsar ba baƙuwa ba ce ga ɗan ƙauye. Da rani ana ɗaure awaki da tumaki a gida, a tara takinsu da toka da sharar tsakar gida, a ɗora wa jaki a mangala a kai gona. Ba a shuka abu ɗaya shi kaɗai. Gero da dawa da wake da gyaɗa sukan zauna gona guda, kowa da lokacinsa. Ba a sare ɗorawa ko kuka ko tsamiya, balle gawo, wanda yakan zubar da ganyensa da damina, saboda haka ba ya yi wa shuka inuwa. Gyaɗa kuwa tana da matsayi na musamman a cikin wannan tsari. Saiwarta tana ƙara wa ƙasa ƙarfi maimakon ta cinye shi, harawarta kuma ita ke ciyar da dabbobi da rani, dabbobin su ba da taki, takin ya koma gona.

Asalin gyaɗa ba ta nan ba ce. Daga Amurka ta Kudu Turawan Fotugal suka kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarni na 16, ta yi ta shigowa hannu zuwa hannu har ta iso mu. A nan ta tarar da gujiya, wadda ita ce 'yar ƙasa, kuma ita ma a cikin ƙasa take 'ya'ya, saboda haka manomi bai sha wahalar gane halinta ba. Tun kafin zuwan Turawa ana cin gyaɗa, ana kunu da ita, ana fitar da mai. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, abin da ya fi burge shi game da saƙa da rini shi ne ba a manyan ma'aikatu ake yin su ba irin na ƙasarsu, a cikin iyali ake yi, mutum yana sana'arsa bai rabu da gidansa ba. Shi zancen tufafi yake yi, amma man gyaɗa ma haka yake tun fil azal.

Turawan Ingila suka ci Kano a 1903. Hanyar jirgi ta iso a 1911, aka buɗe ta sosai don jigilar kaya a 1912. Abin da Turawan suka sa rai da shi auduga ce, domin masaƙun ƙasarsu. Amma manomin Kano ya yi nasa lissafin. Auduga tana cin ƙasa, tana cin aiki, kuma masaƙan gida suna sayenta da daraja. Gyaɗa kuwa in kasuwa ta ƙi ta, ana iya cinye ta. A daidai wannan lokaci kamfanonin Turai suna neman mai don yin man shafa wa burodi da sabulu. Fataken goro na Kano, waɗanda suka riga suka san hanya da bashi da amana, irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo, da kuma Alhassan Ɗantata, su ne suka watsa yaransu ƙauyuka suna sayen gyaɗa. Abin da aka fitar daga Nijeriya a 1912 bai kai tan 3,000 ba, amma a 1913 ya kai kimanin tan 19,000. Ba gwamnati ce ta shirya wannan ba, manoma ne. Sai dai kada mu manta akwai haraji, wanda dole a biya shi da tsabar kuɗi, kuma gyaɗa ce hanya mafi sauƙi ta samun kuɗin.

Ba a daɗe ba aka ga ɗaya fuskar al'amarin. Daminar 1913 ta yi gardama, aka shiga yunwa mai tsanani a 1914. A gidanmu akwai wata ƙa'ida da ake cewa daga kakan mahaifina aka gaje ta, wanda ya ga wannan yunwa yana yaro: ba a shuka gyaɗa sai an gama da gonar hatsi, kuma ba a sayar da ita duka. Kashi ɗaya iri ne, kashi ɗaya na cikin gida ne, ragowar ce ta ma'auni. Wannan kashi na cikin gida shi ne jarin matan gidan.

Ya kamata a nan in yi bayanin gandu a taƙaice. Gandu shi ne uba da 'ya'yansa maza, masu aure da marasa aure, ko kuwa wa da ƙannensa, su haɗu su noma gona ɗaya, su ci daga rumbu ɗaya. Sukan yi aikin gandu daga safe zuwa azahar, da yamma kowa ya tafi gayaunarsa, abin da ya samu a can nasa ne. Maigida shi ke ba da iri da fartanya da garma, a da shi ke biya wa kowa haraji, shi ke yi wa samari auren fari. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina da Dorayi ta ƙasar Kano, ta rubuta abubuwa da yawa a kan wannan tsari. Ita ce kuma ta jawo hankalin masana ga abin da ta ɗauka a matsayin ɓoyayyar kasuwa, watau cinikin da matan kulle ke yi daga gida zuwa gida ta hannun yara. Kasuwa ce babba, amma ba ta da rumfa, don haka ba wanda ya taɓa ƙirga ta.

An kawo kakata ta wajen uba gidanmu ba da daɗewa ba kafin yaƙin basasa na 1967, lokacin gyaɗa tana kan ganiyarta, Nijeriya tana kan gaba cikin ƙasashen da ke fitar da ita. Tun 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, a 1954 kuma aikin ya koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Ita ke yanke farashi kowace kaka, kuma farashin yakan gaza abin da ake sayar da gyaɗar a Turai. Da rarar ne gwamnati ta yi ayyuka da dama. Ita kanta dala ba alamar wadata kaɗai ba ce: jirgi ne ya kasa kwashe gyaɗar da sauri, sai ta taru tana jira, dala ɗaya ta ɗauki buhu har 15,000. Kakata ba ta taɓa ganin dala ba. Abin da ta sani shi ne, kakana yakan ɗora buhu a jaki ya tafi wurin awo, ya yi ta fama da 'yan baranda da mai sikeli, ya dawo da yamma wani lokaci da fara'a, wani lokaci ba mai iya yi masa magana. Gyaɗar da ta karye wajen ɓara, wadda ma'auni ke rage mata daraja, ita kan dawo cikin gida. Da ita uwar mijinta ta koya mata sana'a.

Ga yadda aikin yake, kamar yadda na gan shi tun ina ƙarami. Da farko a zauna a tsince gyaɗar, a fid da ruɓaɓɓiya da wadda ta yi fumfuna. Sa'an nan a soya ta a kasko, ana juyawa ba tsayawa, domin in ta ƙone man zai yi ɗaci, in kuma ba ta soyu ba man ba zai fito ba. A bar ta ta huce, a murje ta, a bushe ɓawon da faifai. A da a turmi ake daka ta har ta yi laushi. Daga nan sai babban aiki: a zuba ta cikin turmi, a riƙa yayyafa ruwan zafi kaɗan kaɗan, ana juyawa da taɓarya. Tun tana kama hannu har ta fara sheƙi, can sai ka ga mai ya taso yana kwanciya a kai. A kwashe, a matse sauran da hannu. Abin da ya rage shi ne tunkuza. A sa mata ɗan gishiri, a murza ta zobe-zobe ko dunƙule-dunƙule, a toya cikin man da aka fitar daga jikinta, ta zama ƙuli-ƙuli. Kusan rabin ƙwayar gyaɗa mai ne, hannu kuwa ba ya iya fitar da shi duka, wannan ragowa ita ke ba ƙuli-ƙulin gida daɗinsa. Ba abin da ke zuwa juji: mahauta suna son tunkuza don kilishi, masu tsire suna son garin ƙuli-ƙuli don yaji, mata suna kwaɗon zogale da rama da shi.

Tsintar nan da na ambata ba ƙaramin abu ba ce. A 1960 dubban talo-talo suka mutu a Ingila, da aka bincika aka gano guba ce da fumfuna ke haifarwa a jikin gyaɗar da aka haɗa musu abinci da ita, kuma tana cutar hantar ɗan Adam. Matan gidanmu ba su san sunanta ba, amma sun san gyaɗar da ta sha danshi ba ta shiga kasko.

Na taɓa gwada juyin nan a wani hutu. Kakata ta dube ni ta ce, "Kai maigida, zo karɓi taɓaryar nan in ga ƙarfin boko." Ban yi minti goma ba kafaɗata ta ƙage. Ta karɓe tana dariya, ta ce, "Ba da ƙarfi ake yi ba, da haƙuri ake yi. Ka cika ruwa ka kashe man." Ranar na yi mata tambayoyin da suka zama tushen wannan maƙala.

Abin da ta fi tunawa shi ne shekarun fari. Daga 1972 zuwa 1974 ruwa ya yi ƙaranci, 1973 ta fi kowace muni. Mutane ba su gama farfaɗowa ba sai ga annoba a 1975, cutar da malaman gona ke kira rozet, wadda wasu ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye ke yaɗawa. Ganye ya nannaɗe ya yi rawaya, tsiro ya tsugune, a tona a tarar ba kome. An ƙiyasta ta lalata kimanin hekta 700,000 na gyaɗa a arewacin Nijeriya. A lokacin kuɗin fetur sun shigo, ƙarin albashin Udoji ya ɗaga farashin kome, samari sun fara kwarara birni aikin gini. Daga nan fitar da gyaɗa waje ya tsaya. An kafa sabuwar hukumar gyaɗa ta ƙasa a 1977, aka rushe ta tare da sauran hukumomin ciniki a 1986.

A shekarar annoba kakana bai ɗaga ko buhu ɗaya ba, har irin da ya shuka ya tafi. Kakata ta sayar da akuyarta biyu, ta haɗa da kuɗin adashi, ta aika kasuwa aka auno mata gyaɗa mai tsada, ta ci gaba da yin mai. Ta ce ribar ba ta taka kara ta karya ba, amma in ta bar turmi ya huce masu saye za su koma wani gida. Da kuɗin man aka sayi dawar da ta kai su kaka, da su kuma aka sayi irin shekara mai zuwa. A nan ne nake ganin bambancin dala da turmi ya fito fili. Dala ta dogara da jirgi da hukuma da kasuwar Turai, da ɗaya ya faɗi sai duka suka faɗi. Mai sayen man kakata kuwa maƙwabciya ce mai toya ƙosai, da mai tsire na bakin hanya, kuma waɗannan ba su taɓa daina saye ba.

Ba ina cewa kome ya tsaya yadda yake ba. Injin markaɗe ya zo ya ɗauke wa mata daka, yanzu har akwai na juyi. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fito da ire-iren gyaɗa masu jure wa rozet, masu kuma nuna da wuri, irin su SAMNUT 24 da aka fitar a 2011, muna shuka su kusa da tsofaffin irinmu, mai bargo da 'yar Dakar. Kasuwar Dawanau da ke kan hanyarmu ta zuwa birni ta buɗe sabuwar kafa ta sayarwa. Man jarka na kamfani ya cika kantuna, yana kuma karya wa na gida farashi. Ba kuma zan ɓoye aibin sana'ar ba: tana cin baya da ƙirji, hayaƙi yana cin ido, kuma 'yan mata nawa ne talla ta hana su zama a aji? Ƙannen mahaifina mata biyu ba su gama firamare ba, alhali da kuɗin tallarsu aka saya wa 'yan'uwansu maza littattafai. Ni ma kuɗin rajistata na farko a wannan jami'a, rabinsa daga ƙullin zanen kakata ya fito.

Babban abin da ya canza kuwa shi ne gandu kansa. Gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979. Alheri ne ga talaka, ba shakka, amma a ganina ya kwance igiya ɗaya daga cikin waɗanda ke ɗaure ɗa da gandun ubansa. Saurayin da ke iya samun kuɗin aurensa a birni ba ya bukatar jiran rumbun uba. Ga shi kuma gado yana ta raba gona, kowane zamani tana ƙara tsukewa.

Wannan ita ce matsalar da ke gaban gidanmu yau. Tun da kakana ya rasu, Baffa, wan mahaifina, shi ke riƙe da gandu. Magada suna da yawa, kuma kowa yana da haƙƙinsa da shari'a ta ba shi, ba mai musun wannan. Wasu daga cikinsu suna birni, suna da iyali, suna bukatar kuɗi, ga kuma masu neman fili a bakin titi suna taya gonar da abin da gyaɗar shekara goma ba za ta kawo ba. Ba zan ce sun yi laifi ba. Amma in aka yanka ta, rabon kowa ba zai ɗauki hatsi da gyaɗa tare ba. In ba gyaɗa ba harawa, in ba harawa ba dabba, in ba dabba ba taki. Matan gida kuma sai su koma sayen kowace tiya a kasuwa, ribarsu ta tafi wajen dillali. Da aka yi zaman 'yan'uwa bayan sallar layya, abin da aka tsayar shi ne a auna gonar, kowa ya san rabonsa a takarda, a kafa shaida, amma a ci gaba da noma ta tare muddin tsohuwa tana da rai. Kowa ya san wannan jinkiri ne, ba magani ba.

Ko akwai magani? A Faransa akwai ƙananan iyalai masu gonar inabi da suka yi ƙarni suna nomawa suna matsewa a gida. Abin da suke yi da ruwan inabin addininmu ya haramta mana shi, amma dabarar da ta tsare su abar dubawa ce. Tun 1935 suka yi dokar da ta hana kowa sa sunan wani yanki a kan kayansa sai in a can aka noma shi, aka kuma sarrafa shi yadda mutanen wurin suka gada. Irin wannan kariya ta haɗa har da cuku da man zaitun. Sai sunan ƙauye ya zama dukiya, ƙaramin manomi ya sayar da kaɗan da daraja maimakon ya yi tseren yawa da kamfani. Barkonon Penja na Kamaru ya sami irin wannan rajista a 2013, maƙwabtanmu na Nijar ma sun bi wannan hanya don kilishinsu da albasar Galmi. Mu kuwa man da aka matse da hannu daga gyaɗar gandu yana tafiya kasuwa cikin tsohuwar kwalba ba suna, a jera shi da wanda aka gauraya.

Ban ce doka kaɗai za ta hana a raba gona ba. Amma mu ɗaliban harshe da tarihi akwai abin da ke hannunmu. An rubuta littattafai a kan attajiran gyaɗa da kamfanoni da hukumomi, matan da suka riƙe sana'ar kuwa da kyar ake samun sunan ɗaya. Kowannenmu yana da tsohuwa a gida. In hutu ya zo mu zauna kusa da ita, mu tambaye ta sunayen iri, da kalmomin aikin, da yadda aka ci shekarun fari, mu rubuta da Hausa kafin a rasa mai faɗa. Ni dai na fara, kuma turmin kakata yana nan a gindin tsamiya, bakinsa ya yi sulɓi don aiki. Allah ya ƙara mata lafiya, ya haɗa kan 'ya'yanta, mu kuma ya sa mu zama masu amfani ga inda muka fito, amin.